A Maido Mana Cokalinmu

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a bakin titin Tambuwal da sanyin asuba, lokacin da manyan motocin da suka fito daga Jega ke tsayawa karyawa, ya san yadda ake haɗin kauri. Mai shayi zai ɗebo garin cakulan na gwangwani cokali uku, madara cokali biyu, ya yaga 'yar ledar gahawa ya juye, sannan ya kai hannu robar suga ba tare da ya tambaye ka ba. Idan ka ce a rage, sai ya dube ka cikin tausayi ya ce, "Subhanallahi, Malam, ciwon ya kama ka ne?" Wato a garin nan sai mai ciwon suga ke da ikon cewa a rage suga. Mai lafiya ba shi da uzuri, sai dai ya jira ciwon ya iso.

Mu da ke rubuta manhajar kwamfuta muna zaune tsakanin Tambuwal da Kebbe, aikinmu na dare ne. Da dare intanet ke ɗan sakin jiki, da dare zafi ke sauka, batirin sola kuma bai riga ya mutu ba. Don haka ba mu da abokin hira kamar kofi mai zafi. Shekara da shekaru muna shan wannan haɗi, wani dare biyu, wani dare uku, ba mu taɓa ƙirga abin da muke zubawa cikinmu ba, mu da muke iya kwana muna farautar waƙafi ɗaya da ya ɓata a cikin layi dubu. Ranar da muka ƙirga, kunya ta kama mu. Tun daga ranar muka koma haɗa cakulan da gahawarmu a gida, tun daga ranar kuma muke shan baƙar magana. An ce iyayi ne. An ce boko ya yi mana yawa. An ce mun ga Turawa a waya muna kwaikwayo.

To bari mu fara da masu cewa kwaikwayon Turawa ne, don su suka fi ƙarfin murya kuma su suka fi rashin hujja.

Wannan abin sha da ake haɗa cakulan da gahawa, a shagunan birni ana kiran sa moka. Sunan ba na Landan ba ne. Sunan wata tashar jiragen ruwa ce a ƙasar Yaman, a gaɓar Bahar Maliya, wadda daga nan ne aka daɗe ana fitar da gahawa zuwa duniya. Itacen gahawa kansa ɗan asalin Habasha ne, kuma Sufayen Yaman na cikin waɗanda suka fara mai da shi abin sha don su iya raya dare. Kalmar gahawa da ke bakinmu daga Larabci ta zo, ba ta bi ta Ingila ba. Shi kuwa koko, itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa, mutanen ƙasar da yau ake kira Meziko da maƙwabtansu sun sha shi ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya taka ƙasarsu, kuma da ɗacinsa suke shan sa, har da barkono. A yau Kwaddibuwa da Gana ke noma fiye da rabin kokon duniya, Nijeriya ma tana sahun gaba, daga Ondo zuwa Ikom. Dogon benen nan na Ibadan da aka gama a 1965 da kuɗin koko aka gina shi, sunan koko ma yake ɗauke da shi. Ana noman gahawa a tsaunin Mambila. Ina Bature a cikin wannan lissafi? Abin da ya ƙara shi ne suga da leda da talla.

Ga kuma abin da ya fi ba mu dariya. Itacen koko da itacen goro dangin juna ne a ilimin tsirrai, kuma sinadarin da ke hana barci a cikin gahawa shi ne ke cikin goro. Kakanninmu sun yi wata da watanni a hanya da jakuna zuwa Gwanja saboda wannan ɗaci. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna, da shi ake sallamar baƙo. Mutanen da ke tauna goro da gauta suna lumshe ido, su ne yau jikokinsu ba sa iya kurɓar shayi sai ya zama kamar ruwan alewa. Idan akwai baƙon abu a teburinmu, wannan zaƙin ne baƙo.

Mun san akwai rikicin suna, kuma mun sha wahalarsa. Ka ce wa iyali a kawo maka koko, a kawo maka na gero da ƙosai. Ka ce kofi, a miƙo maka kofin roba babu komai ciki. Shi ya sa a nan muke cewa gahawa idan muna nufin abin sha, mu ce garin cakulan zalla idan muna nufin garin 'ya'yan koko da ba a haɗa shi da komai ba.

Yanzu ga inda maganar take. Ku ɗauki 'yar ledar nan da ake kira uku cikin ɗaya, ku juya bayanta. Ƙa'idar rubutun jikin kayan abinci ita ce a jera abubuwan da ke ciki daga wanda ya fi nauyi zuwa wanda ya fi ƙanƙanta. Ku duba wa ke kan gaba. A mafi yawan irin waɗannan ledoji suga ne limami, gahawar da aka zana hotonta a gaba tana can sahun baya. Farin garin da ke biye da suga, wanda muke ɗauka madara ce, sau da yawa man itace ne da wani nau'in sugan aka busar. Hatta garin madara mai araha da ake aunawa a kasuwa, da yawansa madara ce da aka cire mata manta na asali aka maye gurbinsa da man itace. Ba a ɓoye ba, an rubuta, sai dai da ƙananan baƙaƙen Ingilishi da aka san ba mai karantawa.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ga babban mutum wannan wajen giram 50 ke nan, kimanin ƙaramin cokali 12, kuma hukumar ta ce a tsaya a rabin haka ya fi. Ku koma teburin mai shayi da wannan ma'auni. Akwai suga a garin gwangwani, akwai a cikin leda, idan madarar ruwa mai kauri ce akwai a cikinta, sannan ga wanda aka ɗebo da babban cokali, ba ƙarami ba. Kafin rana ta fito mutum ya ci rabon yininsa, bai ko taɓa lemon kwalbar da zai sha da azahar ba. Ba mu ce kofi ɗaya ke kawo ciwo ba. Mun ce wanda ke yin haka kullum shekara ashirin, yana zaune a shago ko kan kujera kamar mu, bai kamata ya yi mamaki ba ranar da aka ce ya fara zuwa asibiti a Sakkwato duk wata. Kowa a cikinmu ya san gidan da kuɗin magani ya cinye kuɗin taki.

A sana'armu akwai manhaja iri biyu. Akwai wadda aka kulle, kana amfani da ita amma ba ka ganin cikinta, ba ka iya canja komai. Akwai wadda aka bar ta a buɗe, ka karanta, ka cire abin da ba ka so. 'Yar leda irin ta farko ce. Wani a wani ofis da bai taɓa jin sunan Kuchi ko Dogon Daji ba ya riga ya yanke yawan sugan da mahaifiyarka za ta sha, kuma ya yanke shi ne bisa abin da zai sa ta sake saye gobe.

Sai dai kada 'yan'uwanmu masu kallon bidiyon girki su ɗauka muna bayansu. Su ma suna cikin waɗanda suka ɓata lamarin. Sun sa mutane sun ɗauka ba a yin wannan abin sha sai da injin matse gahawa, da kirim daga firji, da ƙanƙara, da dogon kofin gilashi da za a ɗauka hoto. A garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba, wa zai ajiye kirim? Sun ɗauki abin da ake yi da tukunya da murhu sun mai da shi alamar kuɗi, shi ya sa talaka ya gan shi ya ce ba nasa ba ne.

Ga yadda muke yi, ba mu kuma ce mu muka ƙirƙira ba. Garin cakulan zalla ƙaramin cokali biyu, ana samun sa wurin masu sayar da kayan kek a Sakkwato. A zuba a kofi, a ɗiga ruwan zafi kaɗan, a dama sai ya zama kamar ƙullu. Wannan matakin shi ne mutane ke tsallakewa, sai garin ya taso sama ya yi gudaji, domin yana da mai a jikinsa kuma ba ya son haɗuwa da ruwa mai yawa farat ɗaya. A sa gahawa ƙaramin cokali ɗaya a cikin ƙullun. A tafasa madara, a jefa ɗan citta da kanumfari ɗaya ko biyu tun tana kan wuta, a tace a kan ƙullun. Ɗan gishiri kamar abin da yatsa biyu za su tsinta yana kwantar da ɗaci. Suga a ƙarshe, bayan an ɗanɗana, kuma da hannun mai sha. Mu da mazarƙwaila muke yi saboda ƙamshinta, amma kada wani ya yaudare ku, ita ma suga ce.

Kumfa kuma? Ku ɗauko maburgi. Ku sa shi cikin tukunya ku murza tsakanin tafukan hannu kamar za a burga miyar kuka. A Meziko har gobe da irin wannan itace suke tayar da kumfar cakulan, ana murza shi daidai yadda iyayenmu mata ke yi. Injin da ake tallata mana a waya ya daɗe rataye a madafin kowane gida daga nan har Ungushi.

Maganar madara ita ta fi ci mana rai. Ƙasar Kebbe ƙasar shanu ce. Hura da nono ba abin marmari ba ne a wurinmu, abinci ne. Amma yaro ya tashi a nan yana ganin madarar gaske ita ce ta cikin leda, ta saniya kuwa ta ƙauyawa ce. Gaskiya ne rashin tsaro ya tarwatsa rugage da dama, kuma da rani madara tana wuya. Gaskiya ne ba ta kwana ba tare da ta juya ba. To a saya da safe, a tafasa sosai, a sha a ranar. Idan babu, a yi da garin madara, amma a karanta bayan ledar. Kuɗin da aka miƙa wa mai tallar nono yana kwana a cikin ƙaramar hukumar nan. Na leda kafin magariba ya kama hanyar Legas.

Akwai hujja ɗaya da muke girmamawa. Mai sayen 'yar leda ba wawa ba ne. Abin da ya samu yau shi zai kashe yau, ba shi da kuɗin sayen babban ƙunshi ko da ya san ya fi sauƙi idan aka raba shi kofi-kofi. Wannan gaskiya ce, kuma mu da ake biya ta banki bai kamata mu yi masa wa'azi ba. Amma a kasuwar da ake ƙulla man gyaɗa da daddawa da gishiri na kuɗi kaɗan, me ya hana a ƙulla garin cakulan zalla? Matan da ke sana'ar ƙulle-ƙulle a cikin gida sun fi kowane kamfani sanin yadda ake raba babban abu ya isa hannun talaka. Abin da ya rage shi ne a samu masu tambaya.

Kada kuma a ji mu a je a ɗura wa yara gahawa. Yaro ba ya bukatarta, a yi masa da cakulan da madara kawai. Mai juna biyu ta rage, mai hawan jini ya tambayi likitansa. Kokon gero da ƙosai ya fi duk wannan riƙe ciki, ba mu zo tsige shi daga kan mulki ba.

Mai shayinmu na bakin titi har yanzu muna zuwa wurinsa, don ba shi ne abokin faɗanmu ba, abin da aka saba yake sayarwa. Da farko ya ƙi. Ya ce idan ya bar mutane su zuba da kansu za su ƙarar masa da roba. Muka ce ya gwada da mu. Yanzu idan ya hango mu sai ya haɗa komai, ya turo robar suga da cokali gabanmu, ya juya ga direbobi yana cewa, "Ku bar 'yan kwamfuta, su ruwan goro suka sha." A satin da ya wuce wani direban tirela da ke gefenmu ya miƙo hannu ya ce shi ma a ba shi cokalin. Ya zuba huɗu.