A Riƙa Auna Na'ura Kafin Ta Auna Gwiwar Talaka

Duk wanda ya yi shekara goma yana dakon buhuna a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko yana turin baro a Sabon Ibadan, gwiwa ce ke fara ba shi labarin tsufa. In ciwo ya ci tura sai ya tattara 'yan kuɗinsa ya nufi gida, mai ɗori ya gwada, in abin ya faskara a dangana da Gombe, inda asibitin tarayya da aka kafa a 1996 ya zama na koyarwa a 2014. To, a nan ne likita kan ce a je a ɗauko hoton MRI, domin shi ne ke nuna jijiya da guringuntsi, waɗanda hoton ƙashi na yau da kullum ba ya fitarwa.

Ita wannan na'ura maganaɗisu ne ƙato. Mai ƙarfin tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun ƙasa wajen sau 30,000. Amma fa ƙarfi kaɗai ba ya isa, sai ya zamana ya bazu daidai wa daida a wurin da ake ɗauka. Gwiwa kuwa ba a tsakiyar jiki take ba, watau tana faɗawa gefe, inda daidaiton ke raguwa.

Ga inda gizo ke saƙa. In likita zai nemi kumburi, na'ura kan dushe hasken kitse don ruwa ya fito fili. Bambancin da take bi ta rabe su bai wuce kashi 3.5 cikin miliyan ba. Da maganaɗisu ya ɗan karkace, sai kitsen ɓargo ya ƙi dushewa, ya yi fari fat kamar rauni. Mai lafiyayyen ƙashi a ce masa yana da ciwo, wani kuma nasa ciwon ya ɓuya. Ƙarfen da aka taɓa sa wa mutum a ƙafa ma yakan ƙara dagula hoton.

Maganin abin sananne ne, ba kuwa tsada gare shi ba in an kwatanta da kuɗin na'urar. Akan sa wata ƙwallo mai ruwa a ciki a ɗauki hotonta, a auna karkacewar, injiniya ya daidaita, a rubuta a littafi. Ko a kasuwar Tudun Hatsi ba a yarda da mudun da aka bubbuge gindinsa, balle abin da za a dogara da shi a tsaga mutum.

Manya dai sun fi son ranar yanke ƙyalle, a ɗauki hoto a watse. Ya kamata hukumomin lafiya na tarayya da na Jihar Gombe su wajabta wa kowane asibiti mai wannan na'ura, na gwamnati ko na kuɗi, yin wannan awo a kai a kai, su horar da masanan da za su yi shi, su kuma tanadi wutar da ba ta yankewa, domin irin mai ƙarfin nan sai cikinta na sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifiri take aiki.

Masu aiko da kuɗi daga Kudu don jinyar tsoho kuma, ba laifi ba ne ɗan rakiya ya tambayi ma'aikaci cikin ladabi yaushe aka yi wa na'urar awon ƙarshe.