A Gwada Sabon Iri a Gefen Gona Kafin a Ba Shi Gandu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sammini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda na ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tun kafin ruwan shuka ya sauka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata asara da na taɓa tafkawa da hannuna. Wata shekara na haɗu da wani mai sayar da iri a wata kasuwa, ya yi ta zuba mini daɗin baki cewa geronsa sai rumbu ya kasa ɗauka. Ban gwada ba, ban tambayi kowa ba, na zube shi a gonar gandu kaf. Ashe irin na ƙasar da ruwa ke daɗewa ne. Ruwa ya ɗauke yana tsakiyar fidda kai, muka tashi da kara zalla. A shekarar sai da na sayar da raguna biyu na awo hatsi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To jama'a, ba ina cewa a guji sabon iri ba ne. Akwai masu amfani ƙwarai. Geron SOSAT da aka fitar a Nijeriya a 2000 yana nuna da wuri, ya kuwa ceci mutane da yawa a shekarun da damina ta gajarta. Waken SAMPEA 10 da masana na IITA da na Samaru ta Zariya suka fitar a 2008 yana jure wa wuta-wuta. Amma su kansu masanan ba sa fitar da iri sai sun gwada shi shekara da shekaru, a tasharsu da kuma gonakin manoma. Ƙungiyar Sasakawa ma da ta shigo Nijeriya a 1992, da 'yar gonar gwaji ta rubu'in hekta ta fara koyar da mutane. In masu ilmin abin suna taka tsantsan haka, mu da abincin iyalinmu ke kan gonar fa?

Ga yadda nake yi yanzu, kuma kowa zai iya.

Na farko, abu ɗaya tak za ka gwada a lokaci guda. In iri ne, to iri kawai: ranar shuka ɗaya, taki ɗaya, firi da maimai duk rana ɗaya. In ka canza iri kuma ka ƙara taki, ranar girbi ba za ka san wanda za ka gode wa ba.

Na biyu, dole irinka na gado ya kasance a gefensa, domin shi ne ma'auni. Ka ja kunya goma na sabo, goma na tsoho, tsawonsu ɗaya, ka kafa turaku don kada yara su haɗe su wajen girbi.

Na uku, kada ka yi son kai wajen zaɓen wuri. Mun san ƙarƙashin gawo da inda shanun Fulani suka kwana da gindin suri sun fi sauran gona ƙarfi. Wanda ya sa sabon iri a nan ya bar tsohon a kan tudun yashi, kansa ya yaudara. Ni ƙuri'a nake jefawa da tsinke, inda ta faɗa nan kowane iri zai zauna. Sannan ina maimaita gwajin a wuri uku cikin gonar, saboda ƙasarmu ta jigawa taku ashirin ma sai ta canza hali.

Na huɗu, a rubuta. Littafin ɗan makaranta ya isa, ko da ajami ne: ranar shuka, ranakun da aka yi ruwa, ranar fidda kai, ranar da tsutsa ko tsuntsu suka faɗo. Kai ba ya riƙe wannan duka har kaka.

Na biyar, kada a ƙirga da dami. Dami yana ruɗi, domin wani gero dogon kai gare shi amma ba ƙwaya, wani gajere ne amma a cike. A sussuke kowanne daban, a sheƙe, a auna da tiya ɗaya.

Bayan awo kuma da sauran shari'a. A ba uwargida ta surfa, ta yi tuwo da fura, a ji bakinta. A ɗebi tiya guda a kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis a ji abin da masu awo za su taya. A duba karan da harawar, tunda dabbobinmu da su suke cin rani. A kuma ajiye kaɗan a ga yadda zai yi da ƙwari. Irin da ya cika buhu amma kasuwa ta ƙi shi, wahala ce kawai. Kuma damina ɗaya ba ta yanke hukunci, sai an ga halinsa a shekarar ruwa da shekarar fari.

Haka ma taki. Masana na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun nuna cewa ɗan taki cikin marfin kwalbar lemo, wajen giram 6 a kowane rami, yana ƙara amfanin gero. Maimakon gardama a majalisa, a gwada a kunya goma, a bar goma ba taki, a lissafa kuɗin takin da abin da ya ƙaru. Gani ya kori ji.

Ina kira ga 'yan'uwa masu sayar da iri da magani su ji tsoron Allah, su gaya wa mai saye sunan irin da kwanakin da yake yi kafin ya nuna. Mai shagon da ya shuka abin da yake sayarwa a bayan gari kowa ya gani, ba zai rasa masu saye ba.

Ina kuma roƙon hukumar JARDA da malaman gona da duk masu binciken da ke zuwa neman fili a gonakinmu: a zauna da mai gona tun farko a yi magana a kan wanda zai yi noma, da wanda zai ɗauki amfanin, da wanda zai ɗauki asara in abin bai yi ba. In an gama awo kuma, a dawo a gaya mana sakamakon da Hausa a ƙofar mai gari.

A ƙarshe, in mutum biyar a kowane ƙauye suka yi gwaji iri ɗaya suka haɗa littattafansu da kaka, garin duka ya huta da saye a makance. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Wani manomi daga ƙasar Gagarawa, Jihar Jigawa.