Yaron Parakou ya yi gudu, wa zai shaide shi?

A gidajen wasan bidiyo na Parakou da Djougou ƙwallo ce ke ci. Yara su jeru kan benci, kowa da 'yan sulallansa a hannu, mai gida na kallon agogo. Amma jefi-jefi za ka ga wani yaro a kusurwa da bai damu da ƙwallo ba. Wasa ɗaya ya riƙe, ya haddace shi kamar hanyar gidansu, burinsa ya kai ƙarshe cikin mintocin da suka gaza na jiya. Wannan tseren kammala wasa yana da jama'arsa a duniya, da alƙalansa, da jadawalin gwanaye a speedrun.com. Tun 2010 ma taron Games Done Quick yake tara miliyoyin daloli na taimako da shi a Amurka.

Shiga jadawalin nan yana da sharuɗɗa. Galibi ana son bidiyo cikakke, daga farko har ƙarshe ba yankewa, da sautin wasan. A faɗi na'urar da aka yi amfani da ita da kuma bugun wasan. A wasu wasannin, in lokacinka ya kusanci na manya, sai ka ƙara da hujjar abin da yatsunka suka danna. Alƙalan kuwa 'yan sa-kai ne, ba mai biyansu.

Ban ga laifinsu ba, domin an sha cinye su da rana tsaka. Todd Rogers ya ce a 1982 ya gama tseren Dragster na Atari cikin daƙiƙa 5.51, kamfanin Activision da ya yi wasan ya amince, aka yi ta yabonsa shekara talatin da biyar. Da masana suka buɗe cikin wasan suka yi lissafi, sai ga shi ko inji ba zai sauka ƙasa da 5.57 ba. A Janairun 2018 aka goge sunansa. A ƙarshen 2020 alƙalan Minecraft suka ƙi karɓar gudun Dream, mai miliyoyin mabiya a YouTube, saboda sa'ar da ya yi ta wuce hankali. Bayan wata biyar ya amsa cewa wasan nasa an taɓa shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai a duba wanda sharaɗin ke faɗawa a kansa. Yaron Djougou ba shi da na'urar naɗar hoto daga talabijin. Abokinsa ne zai riƙe waya a gaban allo na awa guda, hannu na rawa, ƙarar baburan 'yan zemijan na shigowa ta taga. In aka ɗauke wuta a minti na arba'in, an koma farko. In Allah ya sa an gama, sauran ɗora bidiyon, kuma kuɗin intanet ɗin da zai ci ya fi abin da yaron ya kashe a wasan duk mako. Ga kuma wata da ba kowa ya sani ba. Tsofaffin na'urorin da ke sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano yawanci daga Turai suke, kuma yawancin tsofaffin wasannin Turai hoto 50 suke juyawa a daƙiƙa, na Amurka da Japan 60. Yaronmu tun kafin ya danna komai an bar shi a baya da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Ni a wurina wannan nauyi na masu ƙera wasa ne, kuma an taɓa sauke shi tun intanet na rarrafe. Da kamfanin id Software ya fitar da Doom a Disambar 1993, ya sa wa wasan hanyar naɗe kansa. Ba hoto yake ɗauka ba, maɓallan da ka danna yake rubutawa ɗaya bayan ɗaya, a ɗan fayil da bai kai nauyin hoton waya guda ba. Duk mai wasan zai buɗe fayil ɗin, ya ga gudunka ya sake faruwa a kwamfutarsa. A kan wannan ne Simon Widlake ya kafa jadawalin COMPET-N a 1994, lokacin da intanet ɗin Turai ma ta wayar tarho take tafiya. Abin da ya yi wa mutanen wancan zamani aiki shi ne daidai abin da yaron Zongon Parakou yake bukata yau.

Za a ce irin wannan fayil ma ana magudi da shi. Gaskiya ne. A 2021 aka gano wasu manyan 'yan Trackmania, wasan tseren mota na kamfanin Nadeo na Faransa, suna rage saurin wasan su tuƙa a natse, sannan su miƙa sakamakon kamar da gudu suka yi. To amma da me aka kama su? Da fayilolin nan nasu. Wasu masana wasan biyu, Wirtual da donadigo, suka zaro motsin sitiyarin daga ciki, aka ga yatsu na juyawa da saurin da ba na ɗan Adam ba.

Wasu masu ƙira sun gane. Wasan Celeste na 2018 da agogonsa ya zo a ciki, ba ruwan agogon da jinkirin na'urarka wajen buɗe mataki. Su ma alƙalai sukan sassauta in hujja ta tsaya: Niftski, wanda a Afrilun 2021 ya fara gama Super Mario Bros ƙasa da minti 4 da daƙiƙa 55, a kwamfuta ya yi, da maɓallan rubutu, kuma aka karɓa.

Maganata ta fi zuwa ga namu na kusa, irin su Maliyo a Legas, da Leti Arts a Accra, da Kiro'o a Yawunde, da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Parakou da ke gwada hannunsu. Wasanninsu yawanci na waya ne, kuma sun fi kowa sanin tsadar intanet a nan. Su sa agogo a ciki. Su sa wasan ya ajiye abin da aka danna a fayil ɗin da zai bi ta WhatsApp ko da layi na tangal-tangal. In za su gyara wata kafa da 'yan tsere suka gano, su bar tsohon bugun ga mai so, kada sabuntawa ɗaya ta share aikin wata shida.