Ra'ayinmu: Ɗakin likita ba kotu ba ne

Jama'a masu karatu, yau za mu taɓo batun da aka fi yin sa da raɗa a bayan rumfa: saurayi ko budurwa da zuciyarsu ta karkata ga jinsinsu, da yadda ya kamata likitan ƙwaƙwalwa ya karɓe su idan damuwa ta yi masu yawa. Mun san abin da malamai ke faɗi a kai, wannan fagensu ne. Mu maganar asibiti muka kawo.

Tun 1973 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire wannan hali daga jerin cututtuka, hukumar lafiya ta duniya OMS kuma ta yi hakan ranar 17 ga Mayu 1990. To in ba cuta ba ce, me ke kai su gaban likita? Tsoro, gori, duka, kora daga gida, rashin barci, har wani ya fara tunanin halaka kansa. Wannan shi likita ke wa magani. Ya saurari mutum ba ƙyama, ya rufa masa asiri, ya taimake shi ya koma sana'arsa da hankalinsa a kwance. Ba ya yi masa alkawarin sake shi.

An gwada sakewar, ba ta yi ba. Ƙungiyar Exodus International ta Amurka ta shafe shekara 37 tana cewa za ta juya irin waɗannan mutane; a 2013 shugabanta Alan Chambers ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, aka rufe ta. Faransa ta haramta wannan "gyara" a 2022. A Afirka ta Kudu kuwa, tun 2017 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta fitar wa ma'aikatanta da ƙa'idojin karɓar su cikin mutunci.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne binciken Caitlin Ryan da abokan aikinta a Kalifoniya, wanda ya fito a 2009. Matasan da iyayensu suka yi wa mummunar ƙyama sun ninka sauran fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai. Sau 8, jama'a! Kuma da suka shiga aiki da iyalai masu riƙon addini, ba su ce kowa ya bar imaninsa ba. Cewa suka yi a daina zagi da duka, kada a kori yaro, a ci gaba da cin tuwo tare da shi.

Ku iyayenmu mata na kasuwa, ba baƙon abu muke gaya maku ba. Kun san ƴan daudu a tasha da wajen biki, kun ci abincin hannunsu, wasu ma kuna adashi da su. Kowanensu ɗan wata ne, da ta yi goyonsa.

Mun kuma ga inda tura yaro gidan mari ke kaiwa. A watan Satumba 2019 ƴan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa ɗaure da sarƙa, jiki duk tabo. Iyaye ne suka kai da dama daga cikinsu don a gyara masu hali iri-iri.

A nan gida, da an ambaci Pavillon E na babban asibitin Yamai sai a ce wurin mahaukata ne, shi ya sa mai ƙuncin zuciya ke ɓoyewa har abin ya ci ƙarfinsa. Muna kira ga ofishin ministan kiwon lafiya da ya horar da ma'aikatan CSI na unguwanni da ƙauyuka kan sauraren matasa da riƙe sirri. Ke kuma Hajiya, in ɗanki ya daina ci, ya daina barci, ya fara cewa gara ya mutu, kada ki jira ranar kasuwa ta wuce. Ki kai shi likita a ranar, ki bar shi ya shiga shi kaɗai in haka yake so.