Maigida Ya San Murhu, Uwargida Ta San Rumbu

Tun kaka da kakanni aikin gidan manomi a ƙasar Hausa rabe ya ke. Namiji shi ke sassabe, ya yi shuka, ya yi noman firi da maimai, ya girbe, ya ɗaure dami ya zuba a rumbu. Mace kuwa ita ke sussuka da shiƙa, ta yi surfe da daka, ta tuƙa tuwo, ta yi man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta lura da awaki da kaji. A wasu wurare, kamar ƙauyukan Maraɗi, mata ma su kan noma 'yan gonakinsu na kansu. Wannan rabo yana da amfani, gama wanda ya daɗe a kan aiki ɗaya hannunsa ya kan faɗa. Amma fa akwai wata ɓaraka a cikinsa wadda ba a cika kula da ita ba, watau ko wanne daga cikinsu ya dogara ga ɗayan sarai, har ya zama bai san kome ba game da aikin abokin zamansa. Ran da ɗaya ya kwanta ciwo, ko ya yi tafiya, ko ya riga mu gidan gaskiya, sai gida ya tsaya cik.

A fara da gefen maigida. Akwai magidanta da yawa da su ke ganin sirrin gona da rumbu nasu ne su kaɗai. Matar ba ta san dami nawa aka zuba ba, ba ta san iyakar gona ba, ba ta san wace gona ce ta gado, wace ce ta aro, wace ce aka jinginar ba, balle ta san ko nawa a ke bin mijin. To, a duba lissafin nan. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma a al'ada mai takaba ba ta fita sai da lalura. Damina a ƙasar Kano da Katsina ba ta wuce kamar wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Ke nan in manomi ya rasu gab da faɗuwar ruwan shuka, kafin matarsa ta fita takaba gero ya isa girbi. In ba ta san inda iri ya ke ba, ba ta kuma san wanda za ta aika wace gona ba, shekarar nan marayu sun yi hasarar abinci. Sa'an nan in an zo rabon gado, Shari'a ta ba ta tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, amma yaya za ta tsare haƙƙinta da na yaranta a kan gonar da ba ta taɓa jin labarin iyakarta ba?

Ba sai mutuwa ba ma. Ko wace shekara, da an gama kaka, samari da magidanta su kan tafi cin rani Kano, ko Legas, ko Abuja, su yi wata huɗu ko biyar. Duk wannan lokaci rumbu da buhunan wake suna hannun wadda ba a koya mata kome a kansu ba.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne magani. Yanzu manoma da yawa suna cuɗa iri da maganin ƙwari kafin shuka, wasu kuma suna sa ƙwayar nan ta Phostoxin cikin buhun hatsi. Maigida ne ya saya, shi malamin gona ya yi wa bayani, amma mai dafa abinci ba ta wurin. Irin da aka cuɗa da magani guba ne, wanki ba ya raba shi da ita. Ƙwayar Phostoxin kuma iska mai kisa ta ke fitarwa, ba a ajiye buhun da aka sa ta a ɗakin da mutum ke kwana. A shekarar 1971 an kai ƙasar Iraƙi irin alkama da aka cuɗa da magani, an rina shi ja, an kuma rubuta gargaɗi a buhunan da harsunan da mutanen ƙauye ba su ji. Suka wanke, suka niƙa, suka yi gurasa. Fiye da mutum 6,000 aka kai asibiti, fiye da 400 suka mutu a can. Gargaɗin da bai isa kunnen mai murhu ba, daidai ya ke da ba a yi shi ba.

Haka kuma buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashen nan a 2007. Yana tsare wake ba tare da magani ba, sabo da ƙwaro ba ya rayuwa in iska ba ta shiga. In uwargida ba ta san haka ba, sai ta riƙa kwance shi kullum tana ɗiba, ko ta huda shi, kafin bazara wake ya zama gari.

A juyo gefen uwargida. Akwai namijin da in matarsa ta tafi gida wankan jego kwana 40, ko zazzaɓi ya kayar da ita tsakiyar damina, ba ya iya hura wuta ya dama wa 'ya'yansa koko. Sai ya koma sayen abinci a waje, a daidai watan Agusta, lokacin da hatsi ya fi tsada, hannu kuma ya fi bushewa. Kuɗin da ya kamata ya biya ƙwadagon maimai sai ya tafi wurin mai tuwo. In yaro ya kamu da zawo da dare, uban bai san a kan zuba ƙaramin cokali shida na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a riƙa ba shi kafin a isa asibiti ba. Bai san akuyar da ke da ciki ba, bai san ko an yi wa kaji rigakafin annobar nan da ke share su da hunturu ba, alhali kuwa waɗannan dabbobi su ne asusun gida ran da rumbu ya ƙare.

Kada kuma 'yan kasuwa su raina abin da ke faruwa bayan zaure. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuwa nuna cewa hatsi mai yawa a cikin gidaje a ke sayar da shi, a hannun mata, yara na kai da kawowa. Matar da ke awon tiya kullum ta san farashi ba kaɗan ba. Manomin da zai sayar da buhu bai shawarce ta ba, ya bar ido a gida ya tafi kasuwa.

Wani zai ce ai namiji ya taɓa tukunya abin kunya ne, za a ce da shi mijin-ta-ce. To, mai shayi da mai tsire da mai gasa burodi, duk ba maza ba ne? Ɗan cin rani a Legas wa ke dafa masa shinkafa da wake? Abin da mutum ya yi a tasha don kwabo, ba zai zama abin kunya ba in ya yi shi a gida don 'ya'yansa. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan taimaki iyalinsa da hidimar gida. Wani kuma zai ce in mace ta san abin da ke rumbu za ta yi almubazzaranci, ko kishiyoyi su yi rikici. Ai wanda bai san zurfin rijiya ba shi ke ɓarna da ruwa. Wadda aka gaya wa dami sittin ne, dole kuma su kai sabon gero, ita za ta fi kowa tsimi. Rikicin kishiyoyi kuwa a cikin duhu ya ke girma. A faɗi lissafin a gabansu duka.

Shawara dai ita ce, da an gama kaka maigida ya zauna da iyalinsa ya gaya musu yawan abin da aka samu, da wanda aka ware don iri, da buhun da ke da magani, a yi masa alama a kuma raba shi da na ci. A rubuta gonaki da iyakokinsu da shaidunsu, da bashin da a ke bi da wanda a ke binsa, ko da boko ko da ajami. Akawun gari ko ɗan makaranta ya isa wannan aiki. Maigida kuma ya koyi dama koko da dafa wake, ya san dabbobin gidansa. Malaman gona su ma su tuna, bayanin da aka yi a ƙofar gidan dagaci rabin gida kaɗai ya ji, sai a nemi malamai mata su shiga da shi ciki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.