Jan Kunne ga Malaman da ke Shafa Fatiha a kan Hodar Iblis

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai da almajirai na Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ku ji dalilin wannan takarda. Bayan an kai amfanin gona gida, wani saurayi wanda ya yi allo a gabana ya zo zaurena bayan lisha, ya ajiye goro da kuɗi, ya ce yana son rubutun sha da layar zana. Na ce ina za ka? Ya ce Umra, wani alhaji a birni ya biya masa kujera. Na ce, wanda za shi ɗakin Allah me ya haɗa shi da layar rufe idon ma'aikata? Ya sunkuyar da kai. Da na matsa masa, sai ya ce saƙo za a ba shi ya haɗiye, ƙulli-ƙulli kamar 'ya'yan dabino, in ya sauka ya kasayar da shi, a biya shi. Na mayar masa da goronsa. Amma abin da ya hana ni barci shi ne maganar da ya yi yana sa takalmi: "Allah gafarta malam, ai malam wane ya yi wa abokina, kuma ya wuce lafiya." To, da malam wane nake magana, da duk mai irin halinsa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, wannan abin da ake ce wa koken, mu kuma muke ce masa hodar iblis, asalinsa ganyen wata itaciya ne da ke fitowa a duwatsun Amurka ta Kudu, a Kolombiya da Peru da Bolibiya. Ni ban shiga makarantar boko ba, amma na zauna da likita na tambaye shi kamar yadda almajiri ke tambayar malaminsa, na sa an karanta mini abin da ban iya karantawa ba. Mutanen can sun daɗe suna tauna ganyen kamar yadda muke cin goro. A wajen 1860 wani Bajamushe ya tace ƙarfinsa ya ware shi, kuma a yau ana jiƙa ganyen da fetur ko kananzir, a zuba siminti da ruwan batir, sai an tara ganye mai yawan gaske kana a sami ɗan gari fari. Saboda haka wanda ya ce maka ai 'yar'uwar goro ce, tambaye shi yaushe ya ga an dafa goro da fetur.

Aikinta a jiki kuwa, in an shaƙa, mutum ya ji ƙarfi da nishaɗi da girman kai, barci ya gudu, yunwa ta ɗauke, ya ga kamar duniya a tafin hannunsa take. Wannan ba ya wuce rabin sa'a, wanda ya busa hayaƙinta ma minti goma bai cika samu ba. Sa'an nan baƙin ciki ya rufto masa wanda ya fi na da, ba abin da zai ɗauke shi sai ƙari, ƙarin kuma kullum sai ya fi na jiya. Tana tsuke jijiyoyin jini alhali tana sa zuciya gudu, tamkar ka ɗaure wa doki wuya kana zabga masa bulala. Shi ya sa saurayi ɗan shekara 25 yakan faɗi matacce, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko a shaƙar farko. Tana cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙofofin hanci har ya huje. Tana ɓarar da ciki. Wanda ya daɗe a kanta yakan zargi matarsa da mahaifiyarsa, ya ji kamar ƙwari na tafiya a ƙarƙashin fatarsa ya yi ta susa har jini, sai a kawo mana shi a ce aljanu ne. Masu sayarwa kuma sukan gauraya ta da maganin tsutsar cikin dabbobi don ta yi auki.

In ka ce, ai ba giya ba ce, ba a sha da ƙoƙo, ba ta sa tangaɗi, kuma babu sunanta a Risala ko Muhtasar, sai in ce maka kaito, ina karatunka ya tafi? Shihabuddini Alƙarafi, Bamalike, wanda ya rasu a Masar a 684 bayan Hijira, ya rarraba abubuwan da ke taɓa hankali a littafinsa Alfuruƙ gida uku: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai ɓata hankali ba tare da nishaɗi ya rinjaya ba, da mai kwantar da mutum har gaɓoɓinsa su daina ji. Saɓaninsu yana wajen haddi da najasa ne, amma abin da ya kai ga gusar da hankali daga cikinsu babu wanda aka halatta. Ka zaɓar mata gidan da ka so. A ganina ta fi kusa da na farko, domin nishaɗin nan da jin ƙarfi su ake saye. In kuwa ka ce ai magani ce, gaskiya ne a 1884 wani likitan ido a birnin Biyana ya fara ɗiga ta don kashe zafin fiɗa. Amma askar da wanzami ke shayi da ita ba ta zama hujjar mai yanka mutane a hanya ba.

Wasu kuma suka ce, wannan cutar 'ya'yan masu kuɗi ce, manomin gero ina ya ga kuɗinta? Na yarda da rabin maganar. Binciken da aka yi a 2018 ya ƙiyasta masu shan ƙwayoyi a Nijeriya sun haura miliyan 14, masu hodar a cikinsu wajen 92,000 ne kawai. Yaranmu sun fi faɗawa wiwi da taramol da ruwan maganin tari. Sai dai fataken hodar ba hancin talaka suke nema ba, cikinsa suke nema. Ƙasarmu zango ce a kan hanyarta zuwa Turai da ƙasashen Larabawa. A Satumba 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ta kama fiye da kilo 1,800 a wani sito a Ikorodu ta Legas. A Janairu na shekarar an kama fiye da kilo 200 a motar magajin garin Fashi, a yankin Agadas. Kaya mai yawa haka yana bukatar jakuna, kuma jakin da ya fi arha shi ne saurayin ƙauye wanda gonar ubansa ta rabu kashi takwas, ya tafi cin rani ya dawo ba sadaki.

Ku dubi abin da ke jiran jakin. Ƙulli ɗaya in ya fashe a hanji, da wuya a kai mutum asibiti da rai. In bai fashe ba, akwai na'urar da ke ganin cikin mutum, wadda layarka, ya malam wane, ba ta taɓa rufe mata ido ba: a Mayu 2025 an tsare maniyyata biyu a filin jirgin Malam Aminu Kano, kowannensu ya kasayar da ƙulli 45. In ya tsallake nan, hukuncin Saudiyya a kan wannan fatauci kisa ne, kuma a Afrilu 2019 an zartar da shi a kan wata mace 'yar Nijeriya. Ko a nan gida, a Afrilu 1985, gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas saboda fataucin miyagun ƙwayoyi. Alhajin da ya biya kujera fa? Yana gidansa a ƙarƙashin fanka. Abokin nan da aka ce ya wuce lafiya, shi ne tsaba da ake watsa wa kaji.

Sharrin bai tsaya a kan masu ɗauka ba. A Disamba 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Kano a Madina saboda jakar ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito. Yau tsohuwa ta sayar da bijiminta don ta ga Ka'aba, a sauke ta ana binciken ta kamar ɓarauniya, domin wasu sun mai da harami buhun dako.

To, kai da ka wanke allo ka ba yaron nan ya kora ƙullin iblis da ruwan ayoyi, me za ka kira aikinka? Kada ka ce ban sani ba. Ka sani, tun da bai roƙe ka addu'ar karɓuwar ibada ba, ta makantar da masu bincike ya roƙa. Kuma kai da ka karɓi buhun shinkafa da tabarmin masallaci daga mutumin da ba gona, ba rumfa a Kantin Kwari, ba gadon uba, amma kowace shekara yana tura yara biyar Umra, ka miƙe a gaban jama'a kana sa masa albarka, yara suna kallo suna koyon inda daraja take: abokin ɓarawo ai an san sunansa. Ban ce a binciki asirin kowane mai kyauta ba, shari'a ba ta ɗora mana wannan ba. Na ce wanda alamunsa suka bayyana kamar hadarin Agusta, shirunka a kansa ba kyautata zato ba ne, shinkafar ce ta toshe maka baki.

Yaron da na ba ku labari bai tafi ba. Na je wurin kawunsa da asuba, aka karɓe fasfonsa, yanzu yana jin haushina, ba ya gaishe ni a hanya, kuma na ɗauka. Almajiran da ke karanta wa iyayensu wannan takarda su gaya musu: wanda aka ba kujera kyauta ya tambayi dalili a gaban shaidu, kada ya riƙe wa kowa jaka ko ƙunshin yaji, ya ƙirga kayansa da idonsa lokacin awo. Malam wane kuwa, in yana da nassi ko maganar wani malamin mazhaba da ta halatta masa abin da ya yi, ya rubuto da sunan littafi da babi, za mu buga masa a wannan shafi ba tare da rage ko wasali ɗaya ba. Wassalamu.