Ranar Hutu Ba Ranar Ramuwa Ba Ce

Ran Juma'a wata ƙawata ta same ni a gidanmu a Yakasai, duk ta yi laushi. Wai tuwo da shinkafa ta ƙaurace wa don ta rage ƙiba kafin bikinta, aka ce ta ware rana guda a mako ta ci, ƙarfinta ya dawo. Ai kuwa baiwar Allah ta haɗa shinkafa, alkaki da lemon kwalba 2, ta wuni ƙishirwa da kasala.

Na dubi wuyanta, ga baƙin nan da sabulu ba ya fitarwa. Sau tari alama ce jiki ba ya jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. In an yi wa irin jikin nan lodi, sukarin sai ya taru a jini.

Na ce, "Ƙawata, malmalar tuwon dawa ɗaya ta isa, da miyar ganye da wake, ki ɗan taka bayan kin ci. Amma fara zuwa Asibitin Murtala a auna sukarinki, ango lafiyayyar amarya yake so."

Sai fitowa ta gaba. Taku har kullum.